Siririn Tiyon Da Ya Rage Wa Wuƙar Likita Aiki

Duk wanda ya taɓa jinyar wani a asibiti ya san robar fitsari. Majiyyaci ba ya ƙaunar ganinta, mai jinya ma haka. To amma wata ƴar'uwarta da ta fi ta siranta da tsawo, irin wadda likitoci ke zurawa har magudanar da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ita ce abu na farko da aka ɗauki hotonsa a cikin zuciyar ɗan Adam mai rai. Kuma likitan da ya zura ta, a jikinsa ya zura.

Sunansa Werner Forssmann, Bajamushe ne, shekarunsa 25 a lokacin, yana koyon aikin fiɗa a wani ƙaramin asibiti da ke garin Eberswalde, arewa maso gabas da Balin. Shekarar 1929 ke nan. A wancan zamani likitoci na ɗaukar zuciya kamar ɗakin da ba a shiga. An yi imani cewa duk abin da ya taɓa ta daga ciki zai rikita bugawarta, mutum ya faɗi nan take. Sai dai a kan dabbobi an daɗe da gwadawa. Claude Bernard na Faransa ya zura tiyo cikin zuciyar doki tun 1844 don ya auna ɗumin jini, daga baya Chauveau da Marey suka auna ƙarfin bugawar ɗakunan zuciyar doki yana tsaye da ƙafafunsa. Forssmann ya ga zanen wannan aiki a littafin karatu, ya ce abin da doki ya jure mutum ma zai jure. Burinsa shi ne a samu hanyar kai magani kai tsaye ga zuciyar da ta tsaya, ba tare da an soka mata allura ta ƙirji ba.

Shugabansa ya hana shi. Sai ya koma kan wata nas mai suna Gerda Ditzen, wadda makullin kayan fiɗa ke hannunta. Ya yi ta lallashinta har ta yarda, bisa sharaɗin a jikinta za a gwada. Ya ce ya amince. Ya kwantar da ita a kan gadon fiɗa, ya ɗaure mata hannu da ƙafa, sannan ya zagaya inda ba ta ganinsa ya yi wa kansa allurar kashe zafi a gwiwar hannun hagu, ya tsaga fata, ya tura tiyon cikin jijiya. Da ya kwance ta, aikin gama ya gama. Tare suka sauka ɗakin hoton ƙashi, tiyon na reto a hannunsa. Wani abokin aikinsa ya nemi ya fizge shi, ya ture shi. Ya tsaya gaban na'ura yana kallon inuwar ƙirjinsa a madubi, ya ci gaba da turawa har kusan santimita 65, bakin tiyon ya shiga ɗakin dama na zuciya. Aka ɗauki hoto. A watan Nuwamba na shekarar ya buga rahoton.

Ladan da ya samu shi ne kora. Ya samu gurbi a babban asibitin Charité na Balin, ƙarƙashin shahararren likitan fiɗa Ferdinand Sauerbruch, wanda ya sallame shi yana nuna masa cewa irin wannan wasa ya fi dacewa da filin ƴan dabo. Forssmann ya maimaita gwajin a jikinsa sau da dama, ba wanda ya kula, ƙarshe ya bar harkar zuciya ya zama likitan mafitsara. Akwai abin da masu son labarin jarumta kan tsallake: ya shiga jam'iyyar Nazi a 1932, tun kafin Hitler ya hau mulki, ya kuma yi aikin likitan soja a Yaƙin Duniya na Biyu har Amurkawa suka kama shi. Ni ban ga dalilin ɓoye wannan ba. Ƙarfin hali daban, kyawun hali daban.

Waɗanda suka mayar da gangancinsa ilimi suna Niyok: André Cournand, haifaffen Faransa, da Dickinson Richards, a asibitin Bellevue. Tun 1870 wani masani mai suna Adolf Fick ya nuna yadda za a lissafa yawan jinin da zuciya ke turawa a minti ɗaya, amma lissafin na buƙatar jinin da aka ɗebo daga ɓangaren dama na zuciyar kanta. Tiyon Forssmann ya ba da hanyar ɗebowa. Daga 1941 su biyun suka riƙa aunawa a jikin majiyyata cikin natsuwa, suna rubuta komai, har suka tabbatar cewa tiyo na iya zama a zuciya na sa'o'i ba tare da illa ba. A 1956 aka ba su kyautar Nobel, aka haɗa da Forssmann, wanda a lokacin yake duba masu ciwon mafitsara a Bad Kreuznach.

Har zuwa nan dai gani ake yi, ba gyara ba. Kuma shigar da tiyon na buƙatar a tsaga fata a tono jijiya. Wani likitan hoto ɗan ƙasar Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya warware wannan a 1953 da dabarar da in ka ji sai ka ce ai kowa ma zai iya tunaninta. A soka allura mai rami cikin jijiya, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar, a ɗora tiyo a kan wayar ya bi ta ya shiga, sannan a zare wayar. Shi ke nan. Kusan duk aikin da za a ambata nan gaba ta wannan ƙofa yake shiga, har yau.

Sauran ɗaki guda da ake tsoro. Zuciya na tura jini ga duk jiki, amma namanta ma na buƙatar jini, kuma wasu ƙananan jijiyoyi ne da ke kwance a bayanta suke shayar da ita. Kaurinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kamar bututun tawadar biro. Idan kitse ya daskare a bangonsu hanya ta ƙuntata, mutum kan ji ƙirjinsa ya ɗaure in ya hau tudu. Idan ta toshe gaba ɗaya, naman da ke bayan toshewar ya fara mutuwa. Jijiya ba ta fitowa a hoton ƙashi sai an zuba mata wani ruwa mai yin duhu a hoto, kuma kowa ya yarda cewa zuba wannan ruwa kai tsaye cikin jijiyar zuciya kisa ne. Ran 30 ga Oktoba 1958, a asibitin Cleveland Clinic na Amurka, Mason Sones na ɗaukar hoton wani saurayi ɗan shekara 26, sai bakin tiyon ya zame ya faɗa cikin jijiyar dama, ruwan ya kwarara ciki. Zuciyar ta tsaya. Sones ya daka wa saurayin tsawa ya yi tari, ya yi ta tari, zuciyar ta dawo. Wani da ya gode wa Allah ya rufe bakinsa. Shi kuwa ya lura cewa hoton da ya fito ba a taɓa ganin irinsa ba, ya gane cewa in aka rage yawan ruwan za a iya yi da gangan. Hotunansa ne suka zama taswirar da René Favaloro, ɗan Ajantina, ya bi a asibitin nan a 1967 lokacin da ya fara ɗinka wa zuciya sabuwar hanya da jijiyar da aka ciro daga ƙafa.

Wanda ya fara cewa tiyon nan zai iya maye gurbin wuƙa shi ne Charles Dotter, likitan hoto a Portland ta jihar Oregon, mutum mai yawan zumuɗi da kan kamanta kansa da mai gyaran famfo. Ran 16 ga Janairu 1964 aka kawo masa wata tsohuwa ƴar shekara 82, yatsun ƙafarta sun fara ruɓewa saboda jijiyar cinya ta ƙuntata. Likitocin fiɗa sun ce sai an yanke ƙafar, ta ce ba ta yarda ba. Dotter ya ratsa ƙuncin da waya, ya bi da tiyo, ya ɗora wani mafi kauri a kansa har hanyar ta buɗe. Ƙafar ta yi ɗumi, gyambon ya warke, tsohuwa ta fita da ƙafarta, ta ƙara fiye da shekara biyu a duniya. Likitocin fiɗa na Amurka ba su yi murna ba, suka laƙaba masa mahaukaci. A Jamus aka ɗauki abin da muhimmanci, musamman wani likita mai suna Eberhard Zeitler, kuma a wurinsa ne wani matashi ya gani ya koya.

Andreas Grüntzig ke nan, haifaffen Dresden a 1939, wanda ya tsere daga Jamus ta Gabas yana saurayi, ya yi karatu a Heidelberg, ya samu aiki a asibitin jami'a na Zurich a Suwizalan. Ya ga aibin dabarar Dotter: in kana son buɗe hanya mai faɗi, dole ka huda jijiya da tiyo mai wannan faɗin. Abin da ake buƙata shi ne abin da zai shiga siriri, ya kumbura a wurin ƙuncin kawai, ya saɓe, ya fito. Wato balan-balan. Amma ba irin na yara ba, domin roba mai laushi in ta haɗu da wuri mai tauri sai ta kumbura gaba da baya ta bar tsakiya. Ana son wanda zai kumbura zuwa wani faɗi ya tsaya cak, komai ƙarfin da aka ba shi. Ba kamfanin da ya saurare shi. Sai ya mayar da teburin kicin ɗinsa masana'anta. Da daddare shi da matarsa Michaela, da mataimakiyarsa Maria Schlumpf da mijinta Walter, suna dafa siraran bututun roba a ruwan zafi, suna hurawa, suna ɗaurewa da zare, suna shanyawa. Wani masanin haɗa sinadarai da ya yi ritaya ne ya nuna masa irin robar da za ta yi. A 1974 ya fara amfani da balan-balan ɗin a jijiyoyin ƙafa. A 1976 ya kai sakamakon gwajinsa a kan zukatan karnuka taron likitocin zuciya na Amurka a Miami, yawancin masu wucewa suka ɗaga kafaɗa.

Ran 16 ga Satumba 1977 ya yi wa wani mai sayar da inshora, tsaransa ɗan shekara 38, a Zurich. Mutumin idonsa biyu, likitocin fiɗa na tsaye a shirye ko da abu zai ɓaci. Aka hura balan-balan a jijiyar gaba ta zuciya, aka saɓe, aka zuba ruwan hoto, hanya ta buɗe. Bayan shekara goma aka sake duba jijiyar, tana nan a buɗe.

Abin da ya fi burge ni game da Grüntzig ba wannan rana ba ce, abin da ya yi bayanta ne. Ya san cewa in kowane likita ya sayi balan-balan ya tafi gida ya gwada, mutane za su mutu, dabarar ma ta mutu tare da su. Don haka ya riƙa gayyato likitoci Zurich su zauna a zaure suna kallonsa ta talabijin yana aiki kai tsaye, in ya yi nasara su gani, in ya kasa su gani. Ya nace a rubuta sakamakon kowane majiyyaci. Rahotonsa na 1979 bai yi wa kansa kwalliya ba: cikin mutum 50, an yi nasara a 32, biyar kuma sai da aka garzaya da su ɗakin fiɗa. Ya koma Jami'ar Emory da ke Atlanta a 1980. Ran 27 ga Oktoba 1985 jirgin saman da yake tuƙawa da kansa ya faɗi a jihar Jojiya, ya rasu yana da shekara 46. Wani abin mamaki, a shekarar nan guda Dotter ya rasu, Sones ya rasu, haka ma Melvin Judkins, wanda ya lanƙwasa bakin tiyo ta yadda zai nemi jijiyar zuciya kusan da kansa.

Balan-balan ya bar matsaloli biyu. Wani lokaci bangon jijiyar kan tsage ya rufta nan take. Sannan a kusan mutum ɗaya cikin uku, hanyar kan sake ƙuntata cikin wata shida. Maganin da aka samo shi ne a bar wani abu a ciki ya tokare bangon, kamar yadda mai haƙa rijiya ke ɗaure ta da siminti: wata ƴar ragar ƙarfe mai siffar bututu da ake kira sitent. Jacques Puel a Toulouse da Ulrich Sigwart a Lausanne ne suka fara sa ta a zuciyar mutum a 1986. Ta Julio Palmaz da Richard Schatz ce ta samu amincewar hukumar magunguna ta Amurka a 1994, bayan gwaje-gwaje biyu sun nuna ta fi balan-balan kaɗai. A ɗaya daga cikinsu sake ƙuntatar ta sauko daga kashi 32 cikin ɗari zuwa 22. Saura kuwa tsokar tabo ce da jiki ke tsirowa ta cikin ragar. Sai aka shafa wa ragar maganin hana tsiro, wanda asalinsa wata ƙwayar halitta ce da aka samo a ƙasar tsibirin Rapa Nui, can tsakiyar tekun Fasifik. Eduardo Sousa ya fara sa irin wannan a Sao Paulo a 1999. Murna ta yi yawa har zuwa 2006, lokacin da aka fara ƙorafin cewa jini na daskarewa a cikin wasu bayan shekara ɗaya ko fiye, saboda maganin ya hana fatar ciki rufe ƙarfen. Wannan ne ya sa aka tsawaita shan magungunan tsinka jini, aka kuma sake ƙera ragar da siraran wayoyi.

A nan ya kamata mai karatu ya raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Na farko bugun zuciya ne, wato jijiya ta toshe kwatsam. A 1980 Marcus DeWood da abokan aikinsa suka ɗauki hoton masu bugun zuciya a sa'o'in farko, suka ga kusan tara cikin goma jijiyarsu a toshe take ɗam, kuma gudan jini ne ya toshe ta. Gwaje-gwajen 1993 a Amurka da Holan suka nuna buɗe ta da balan-balan ya fi allurar narkar da jini. A irin wannan hali tiyon na ceton rai, kuma kowane minti na da daraja.

Na biyu shi ne mutumin da jijiyarsa ta ƙuntata amma yana zaune lafiya, sai ciwon ƙirji in ya motsa. Hankali na cewa a buɗe kafin ta toshe. Shekaru aka yi ana buɗewa, asibitoci da kamfanoni suka tara dukiya. Da aka zo aka gwada, hankali ya sha kunya. Wani bincike mai suna COURAGE, da aka buga a 2007, ya raba mutum 2,287 gida biyu: wasu magani kawai, wasu magani da sitent. Bayan fiye da shekara huɗu, waɗanda suka mutu ko suka samu bugun zuciya kashi 19 ne cikin ɗari a gidan sitent, 18.5 a gidan magani. Wani mafi girma, ISCHEMIA, da mutum 5,179, ya zo da kusan amsa ɗaya. Dalili kuwa, toshewar da ke kisa sau da yawa ba daga wurin da ya fi ƙuntata take tasowa ba, daga wani ɗan kitse take da ya fashe a wani wuri da hoto bai nuna komai ba. A Landan, a 2017, Rasha Al-Lamee ta yi abin da ba wanda ya yi cikin shekara arba'in: aka sa wa mutum 200 abin sauraren kiɗa a kunne, aka ba su maganin barci, aka zura wa kowa tiyo, amma rabi kaɗai aka sa wa sitent, ba wanda ya san gidansa. Bambancin juriyarsu a na'urar tafiya bai kai daƙiƙa 17 ba. Bincike na biyu da ta jagoranta a 2023, a kan mutanen da aka janye wa maganin ciwon ƙirji, ya nuna sitent na rage ciwon da gaske. Wato yana sauƙaƙa zafi, amma ga mai zaune lafiya ba a nuna yana ƙara kwana ba. Ina ganin wannan ya shafe mu, domin mutanenmu daga Kano har Yamai na sayar da gona su tafi Indiya ko Masar, kuma ba kowa ke tambayar likita wanne ne nasa cikin biyun ba. A Indiya ma sai da gwamnati ta sa baki a Fabrairun 2017, ta ƙayyade kuɗin sitent mai magani a kan rupi 29,600, saboda ribar da ake ɗorawa ta wuce hankali.

Daga jijiyoyi aka koma kan ƙyauren zuciya, wato murafen da ke hana jini komawa baya. Alain Cribier na Rouen a Faransa ya fara buɗe ƙyauren da ya daskare da balan-balan a 1985, ya ga yana sake rufewa, ya shafe shekaru yana neman wanda zai ƙera masa sabon ƙyaure da za a naɗe a kan tiyo. Ran 16 ga Afrilu 2002 ya sa wa wani ɗan shekara 57 da likitocin fiɗa suka ce ba zai jure wuƙa ba. Ƙyauren ya yi aiki, mutumin ya rasu bayan wata huɗu da wata cutar daban. A 2010 gwaji ya nuna cewa cikin tsofaffin da ba za a iya yi wa fiɗa ba, mutuwa a shekarar farko ta sauko daga kusan kashi 51 cikin ɗari zuwa 31.

Wannan cutar tsofaffi ce, ta ƙasashen da ake daɗewa. Namu ƙyauren da ke lalacewa na yara ne. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta, ba a ba shi penisilin ba, garkuwar jikinsa ta juya ta kama ƙyauren zuciyarsa. Shekaru na tafiya leɓunan ƙyauren da ke tsakanin ɗakuna biyu na hagu suna mannewa, ƙofar na tsukewa. Sau da yawa ba a ganewa sai yarinya ta yi aure ta samu ciki, jinin jikinta ya ƙaru, numfashi ya gagare ta, ta kasa kwanciya sai a zaune. Wani likitan fiɗa ɗan Japan, Kanji Inoue, ya ƙera wa wannan ciwo balan-balan na musamman, ya fara amfani da shi a 1982, ya buga rahoto a 1984. Ana shiga ta jijiyar matsematsi, a hau zuwa ɗakin dama, a huda bangon tsakiya a tsallaka hagu. Bakin balan-balan ɗin ne ke fara kumbura, a ja shi ya maƙale a ƙofar, sannan gindinsa ya kumbura, ƙarshe tsakiyarsa ta buɗe ta raba leɓunan da suka manne. Ana iya yi wa mai ciki, kuma ta tashi ta taka washegari. Ba ya yi wa kowa: in ƙyauren ya riga ya yi tauri kamar alli, ko yana yoyo sosai, sai fiɗa. An ƙera shi ne a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar, amma a asibitocin Indiya da wasu ƙasashe marasa ƙarfi, inda masu wannan ciwo suka fi yawa, sukan wanke shi su kashe ƙwayoyin cuta su sake sa wa wani, domin kuɗin guda ɗaya ya fi ƙarfin yawancin iyalan da ke kawo ƴaƴansu.